Daga Awon Ido Zuwa Zanen Kwamfuta: Bayani Ga Ɗan Koyon Sassaƙar Ƙarfe A Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Da wuya a sami namijin da ya tashi a ƙasar Yawuri bai taɓa ƙera motar kara ba. Yaro yakan sami karan dawa bayan girbi, ya ɓare shi, ya yayyanka totuwar, ya harhaɗa da tsinke, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, sa'an nan ya ɗaura zare ya yi ta ja a tsakar gida. Yaran bakin ruwa kuwa har kwalekwalen gwangwani sukan yi, su saka a gulbi su ga ko zai nutse. Yawanci girma yakan raba mutum da wannan wasa, amma akwai waɗanda sha'awar ƙira takan bi su har cikin manyantaka. Irin waɗannan ne za ka tarar malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗalibi, amma da ya sami sarari sai ya nufi rumfar mai walda ko ta bakanike, yana tambaya, yana son ya haɗa wani abu da hannunsa ba don a biya shi ba.

Mai irin wannan sha'awa a yau ba ya daɗewa yana bincike a wayarsa sai ya lura da cewa takwarorinsa na wasu ƙasashe ba su taɓa ƙarfe sai sun fara zana abin da suke so a kwamfuta. Wannan fanni shi ne Turawa ke taƙaita sunansa da haruffa uku, CAD, ma'anarsa kuwa tsara zane da taimakon kwamfuta. A nan za mu riƙa kiransa zanen kwamfuta.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana mene ne zanen kwamfuta, da yadda ɗan koyo zai kama hanyarsa, tare da misalai daga Yawuri da Ngaski da Shanga. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, latsa maɓallan kwamfuta shi ne ɓangare mafi sauƙi na wannan koyo. Babban aikin shi ne mutum ya iya faɗin abin da yake so da lambobi, ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai fahimta. Tun da kuwa magana ce ta faɗi da fahimta, ɗalibin Hausa yana da ta cewa a ciki.

Ƙasar Yawuri Da Injunanta

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, tun daga madatsar har zuwa wajen Yelwa. Ya cinye tsibirai da garuruwa da dama, har da tsohuwar Busa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Hausawa, kowa ya ga sauyi a gonarsa da sana'arsa, kamun kifi kuma ya ƙara janyo Sarkawa da sauran masunta zuwa bakin tafkin.

Tun daga wancan lokaci inji yake ta shiga rayuwar mutanen wannan yanki. Jiragen da ke ɗaukar fasinja da kaya zuwa kasuwannin Yelwa da Wara injin fetur ke tura su. Manoman albasa da shinkafa na fadama da injin ban ruwa suke aiki. Kusan kowane ƙauye akwai injin niƙa, manyan garuruwa kuma akwai na casar shinkafa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan injuna yana da ƙananan ƙarafa masu cinyewa: shaf, watau sandar ƙarfen da ke juyawa, da boris ɗin da ke riƙe da ita, da bushi, da noti. Idan ɗaya ya lalace, sau da yawa sai an aika Kwantagora ko Sakkwato ko Kaduna ko Kano kafin a sami madadinsa. Idan ba a samu ba, sai a nemi mai injin sassaƙar ƙarfe, watau injin nan da ke damƙe ƙarfe yana juya shi da sauri, a kara masa haƙori mai kaifi yana feraye shi kamar rake.

Saboda haka mai sha'awar ƙira a Yawuri ba ya rasa abin gwaji. Ba sai ya ƙirƙiro abin wasa ba, abin gyara na nan a ƙofar gidansu.

Awon Ido Da Iyakarsa

Bahaushe yana da ma'aunansa tun kaka da kakanni. Akwai taƙi, watau buɗin yatsun hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Akwai gaba, watau buɗin hannuwa biyu. Da waɗannan masaƙi ke auna ƙyalle, mai haƙar rijiya ke faɗin zurfi. Maƙeri kuma yakan dubi tsohuwar fartanya ya ƙera sabuwa, masu haɗa jiragen katako a bakin ruwan Yelwa sukan lanƙwasa katako da ido da zare, jirgin kuma ya zauna daram a kan ruwa. Wannan gwaninta ce wadda ba ta samuwa sai da shekaru, kuma bai kamata ɗan boko ya raina ta ba.

Sai dai awon ido yana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, yana zaune ne a cikin kan gwani. Idan gwani ya yi tafiya ko ya kwanta dama, awon ya tafi tare da shi. Ta biyu, fartanya ba ta damu da bambancin kaurin gashi ɗaya ba, amma inji ya damu.

Na gane haka ne wani hutu da na je gida. Kawuna yana da injin niƙa a wani ƙauye na ƙasar Shanga, da shi yake ciyar da iyalinsa. Shaf ɗin injin ya cinye a daidai inda boris ke zama, har injin yana karkarwa. Aka ba ni tsohon shaf ɗin, na kai shi wani gari mai nisa wurin mai injin sassaƙa, na ce a yi mini irinsa. Ya auna tsohon, ya sassaƙa sabo daidai da shi. Muka ɗaura, bayan mako biyu karkarwa ta dawo, sabon boris ya watse. Kuɗin ƙarfe da na aiki da na mota suka tafi a banza, mata suka koma kai niƙa ƙauyen gaba.

Laifin kuwa nawa ne. Na ce a yi irinsa, aka yi mini irinsa, har da cinyewar. Lambar da ke jikin boris ɗin ita ce 6204. A tsarin waɗannan lambobi, daga 04 zuwa sama, idan aka ninka lambobi biyu na ƙarshe sau 5 sai a sami faɗin ramin boris. Watau ramin milimita 20 ne, faɗin boris ɗin daga waje 47, kaurinsa 14. Tsohon shaf kuwa ya zaizaye ya koma 19.7. Bambancin milimita 0.3, wanda bai fi kaurin takarda uku ba, shi ne ɗan hakin da ya tsone mana ido. Samfur yana nuna yadda abu ya zama ne bayan wahala, zane kuwa yana faɗin yadda ya kamata ya kasance.

Asalin Zanen Injiniya Da Shigarsa Kwamfuta

Wannan matsala ba mu muka fara gamuwa da ita ba. A ƙarshen ƙarni na 18 wani masanin lissafi na Faransa, Gaspard Monge, ya tsara hanyar nuna abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, ta hanyar zana fuskokinsa daban-daban. A Ingila, wajen 1800, Henry Maudslay ya kyautata injin sassaƙa mai yanka zaren noti daidai, sa'an nan a 1841 Joseph Whitworth ya kawo tsari ɗaya na zaren noti, domin notin wannan masana'anta ya hau ƙusar waccan. Daga nan zane ya zama wasiƙa tsakanin mai tunani da mai ƙira.

Shigar zane cikin kwamfuta ta soma ne a shekarun 1960. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna manhajar Sketchpad, wadda ake zane da ita a fuskar kwamfuta da alƙalami mai haske. A Faransa, Pierre Bézier na kamfanin motoci na Renault ya yi aiki a kan lissafin lanƙwasassun layuka domin zana jikin mota. Abin sha'awa a nan shi ne, sunan da ake kiran irin wannan lanƙwasasshen layi a manhajojin yau an aro shi ne daga siririn katakon da masu zana jiragen ruwa na Turai ke lanƙwasawa su danne da nauyi su bi gefensa da fensir. Ashe abin da mai haɗa jirgi na Yelwa ke yi da katako da ido, shi ne masana suka mayar lissafi.

A 1982 aka fitar da AutoCAD, wadda ta kawo zanen kan ƙananan kwamfutoci, a 1995 kuma SolidWorks ta fito. Waɗannan na kuɗi ne masu tsada. Amma akwai FreeCAD, wadda aka fara a 2002, fitowarta mai lamba 1.0 ta zo a Nuwamba 2024. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. Akwai LibreCAD, ita ma kyauta, mara nauyi, amma zanen shimfiɗe kawai take yi. Fusion da Onshape suna ba masu sha'awa damar aiki kyauta bisa wasu sharuɗɗa, sai dai sun dogara da intanet, Onshape kuma takan bar zanen mai aikin kyauta a buɗe ga kowa. Ga wanda ke zaune a ƙauyen Ngaski ko Shanga, inda sadarwa da wuta ba su da tabbas, FreeCAD ta fi dacewa.

Matakan Koyo

Mataki na farko ba ya bukatar kwamfuta ko kaɗan. Ɗan koyo ya nemi fensir da takarda da rula ta ƙarfe da kalifa, watau ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, wanda ke auna kauri da faɗin rami da zurfinsa. Dabarar karanta shi Pierre Vernier ya fito da ita a 1631, kuma na kasuwa yakan nuna har milimita 0.05 ko 0.02. Ya ɗauki ƙaramin abu, kamar bushi ko murfin tankin babur, ya zana shi da hannu ta gaba da ta sama da ta gefe, ya rubuta kowane awo. Ya tsaya a kan milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma tun da har yanzu da inci ake kiran bututu da tiyon ban ruwa a kasuwa, wajibi ne ya rubuta ma'aunin da ya yi aiki da shi, kada a gauraya.

Mataki na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen zane a kwamfuta. Manhaja takan ba mutum fili mai ɗigo a tsakiya, wanda daga gare shi ake auna komai. Sai ya ja layuka da da'irori kusa da siffar da yake so, ba tare da damuwa da daidaito ba tukuna.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma inda 'yan koyo suka fi gajiya. Layin da aka ja a kwamfuta kamar akuya ce da ba a ɗaure ba, ana taɓa shi sai ya goce. Dole a yi masa dabaibayi. Za ka gaya wa manhaja cewa wannan layi a kwance yake, wancan a tsaye. Waɗannan biyu tsawonsu ɗaya. Wannan da'ira cibiyarta ɗaya da waccan. Wannan kusurwa tana kan ɗigon tsakiya, wanda shi ne turke. Bayan haka sai ka sa lambobi. A FreeCAD, idan dabaibayi ya cika, babu sauran abin da zai motsa, zanen yakan koma kore. Idan bai koma ba, akwai tambayar da ba ka amsa ba. A nan ne kwamfuta ta zama malama, domin ba ta karɓar «kamar haka» ko «ɗan ƙara kaɗan». Da na zo zana shaf ɗin kawuna, sai da ta tilasta mini na san kaurin kowane sashe da tsawonsa, abin da ban taɓa tambayar kaina ba ranar da na ɗauki tsohon ƙarfe na shiga mota.

Mataki na huɗu shi ne ba zanen jiki. Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko miƙawa: a zana fuskar abu, a ja ta zuwa wani tsawo. Bulon siminti misali ne. Zana murabba'i mai dogon gefe da ramuka biyu, ka miƙa shi sama, ka sami bulo. Ta biyu kewayawa: a zana rabin abu, a juya shi a kan layin tsakiya. Turmi da taɓarya da akushi duk haka siffarsu take, haka kuma duk abin da injin sassaƙa ke fitarwa. Shaf ɗinmu tsawonsa milimita 300 ne, tsakiyarsa kauri 25, bakinsa biyu kauri 20. Tun da rabi ake zanawa, lambobin da za a sa su ne 12.5 da 10. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da kusan kowane ɗan koyo ke yi, sai ya ga shaf ya fito ninki biyu. Bayan an sami jiki sai a ƙwaƙule inda ake son rami, a huda, a kashe kaifin baki.

Amfanin wannan wahala yana bayyana ne ranar gyara. Manhaja tana riƙe da jerin duk abin da aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Idan gobe aka ce boris ɗin wani injin 6205 ne, mai rami 25, ba sai an sake zane ba. A canza lambobi biyu ko uku, sauran su bi. Har ila yau tana lissafa girman jikin abu, daga nan a san nauyinsa. Sandar baƙin ƙarfe mai kauri 25 da tsawo 300 takan kai kilo 1.16, domin kowane sentimita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa giram 7.85 ne. Mai saye da kilo ya san abin da zai biya tun bai bar gida ba.

Shawarar da zan ba ɗan koyo ita ce ya yi abubuwa goma ƙanana kafin ya taɓa babba. Wanda ya fara da zana injin jirgi gaba ɗaya, cikin mako guda zai rufe kwamfuta. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga Fuskar Kwamfuta Zuwa Gaban Inji

A ƙasashen da suka ci gaba da masana'antu akwai injunan da kwamfuta ke sarrafawa kai tsaye, waɗanda aka fara gwada irinsu a MIT a 1952. Amma injin da ɗan koyo na Yawuri zai samu hannun mutum ke juya shi. Don haka ƙarshen aikinsa takarda ce da zai buga ya miƙa wa gwani, kuma takardar tana da ƙa'idoji.

Da farko, a nuna fuskokin abu yadda ya kamata. Tsari biyu ne a duniya: a na Turai, abin da aka hango daga hagu a dama ake ajiye shi, a na Amurka kuwa kowace fuska tana ɓangaren da aka hango ta. Akwai ƙaramar alama mai kama da bokiti a kwance da ake sawa a gindin takarda don a san wanda aka bi. Na biyu, a auna tsawo duka daga baki ɗaya. Idan aka auna gaɓa biyar kowace daga ƙarshen 'yar'uwarta, kuskuren 0.1 a kowace yana iya taruwa ya zama 0.5. Na uku, a rubuta irin ƙarfen da adadin da ake so. Idan akwai rami mai zare, a faɗi girmansa: ƙusa mai lamba M8 tazarar zarenta 1.25 ce, ramin da ake fara huda mata 6.8, M10 kuwa 1.5 da 8.5.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne rangwamen awo. Babu injin da ke fitar da 20 cif. Saboda haka mai zane yakan faɗi iyakar sama da ta ƙasa da zai karɓa. Inda boris zai zauna a kan shaf mai juyawa, ana son ya shiga da ɗan matsi, tsakanin 20.002 da 20.015. Kalifa ba ta ganin wannan, sai maikiromita. Tsakiyar shaf kuwa, inda babu abin da ke hawa, ko an sami bambancin 0.2 babu laifi. Wanda ya tsananta awo a ko'ina ya tsawwala wa kansa kuɗin aiki, wanda ya sassauta a ko'ina ya koma gidan jiya.

Abin Da Kwamfuta Ba Ta Sani Ba

Da na koma da takardata, wurin wani dattijo na je, ina jin kaina injiniya. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya dubi ƙarfen da na sayo, ya ce, «Samari, zanenka ya yi. Amma ka sayo ƙarfe daidai wa daida. Ina abin da inji zai kama, ina wanda haƙori zai ci?» Na ce, «Baba, ai haka kwamfuta ta nuna.» Ya yi dariya ya ce, «To, je ka ce ta sassaƙa maka.» Sai da na sake sayen ƙarfe mai rara a tsawo da kauri. Ya kuma nuna mini cewa lungun da kauri 25 ya sauko zuwa 20 bai kamata ya zama mai kaifi ba, domin daga nan ƙarfe ke fara tsagewa. A ɗan lanƙwasa shi, amma kada lanƙwasar ta wuce milimita 1, in ba haka ba boris ba zai zauna ba. Shaf ɗin da ya fitar shi ne a jikin injin har yau.

Kwamfuta tana karɓar kowace siffa, ko da wadda babu haƙorin da zai iya shiga ya yanke ta. Kuma kyan zane ba ya nuna ƙarfin abu. A wasu ƙananan injunan jirgi akwai ɗan siririn ƙarfe da ke riƙe farfela, wanda da gangan aka yi shi mai rauni, domin idan farfela ta bugi kututturen itacen da ke ƙarƙashin tafki shi ya karye, giya ta tsira. Wanda ya auna shi daidai, ya zana shi daidai, amma ya sassaƙa shi da ƙarfe mai tauri, ya jawo babbar hasara. Mutanen Ngaski ba su manta da haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara ranar 26 ga Mayu 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta, aka kuma danganta abin da tsufan jirgi da lodi fiye da kima. Duk abin da ran mutum ya rataya a kansa, a ruwa ko a kan hanya, ba wurin gwajin ɗan koyo ba ne.

Haka nan wanda ya kai ga tsayawa gaban inji da kansa, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau, kada ya sa safar hannu, kada kuma ya bar makulli a bakin inji. Abin da ke juyawa ba ya sakin tufa idan ya kama.

Batun Kalmomi

Mai karatu zai lura da cewa a wannan maƙala an yi ta laluben sunaye. Dalili kuwa shi ne, manhajojin nan da darussansu yawanci da Turanci suke, alhali gwanayen da ke riƙe da injuna da Hausa suke aiki. Masana sun yi ƙoƙari a fannin keɓaɓɓun kalmomi, kamar ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 na kalmomin nazarin harshe da adabi, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma rumfar bakanike da ta mai walda har yanzu suna jiran mai bincike.

A ganina hanyoyi uku ne. Ta farko, a tattara kalmomin masu sana'a na asali, irin su uwar maƙera da masaba da awartaki da magagari da gizago, a ga waɗanda za su ɗauki sabuwar ma'ana. Ta biyu, a karɓi baƙin kalmomin da suka riga suka zama 'yan gida, irin su boris da bushi da noti da farfela da walda. Korarsu ɓata lokaci ne. Ta uku, inda babu, a ƙirƙira daga rayuwar Bahaushe. Waɗanda na gwada a sama su ne dabaibayi, don ƙa'idar da ke hana layi motsi. Turke, don ɗigon da ake auna komai daga gare shi. Miƙawa da kewayawa, don hanyoyin ba zane jiki. Da rangwamen awo. Ban ce sun zauna ba. Ma'auninsu shi ne a faɗa wa mai injin sassaƙa a ga ko zai gane ba tare da dogon bayani ba. Na gwada dabaibayi a wurin dattijon nan, ya gane nan take; rangwame kuwa sai ya ɗauka ragin kuɗi nake nema.

Ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri, kalmomin masu haɗa jirgi na Yelwa da na masu gyaran injin jirgi na Wara fage ne a buɗe.

Kammalawa

An ga yadda tafkin Kainji ya cika ƙasar Yawuri da injuna, da yadda awon ido ke gazawa a gaban boris, da matakan da ɗan koyo zai bi tun daga fensir har zuwa takardar da zai miƙa wa gwani. An kuma ga cewa kwamfuta ba ta maye gurbin gwani, aikinta shi ne ta sa mai zane ya san abin da yake nema kafin ya buɗe baki. Jelani Aliyu, wanda aka sani da zanen motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine a shekarun 1980. Ba kowane mai motar kara ne zai kai can ba, kuma ba dole ba ne. Idan ɗan koyo ya iya fitar da takarda ɗaya wadda za a aika Kwantagora a mota, a sassaƙo ƙarfe, a dawo da shi ya hau injin niƙa ba tare da an sa guduma ba, to koyonsa ya biya.